Motar Ɗanhausa Ba Ta Barci

Da safen nan ma motar ta ƙi tashi. Esther ta danna maɓalli, ta sake dannawa, ta kifa goshi a kan sitiyari ta ce, "Ya Ubangiji, yau kuma?" Ko ɗan koren hasken nan da ke fara bayyana a gabanta bai leƙo ba. Jiya da yamma da hannunta ta zare wayar caji, babban batir a cike taf. Yanzu ga ta cikin fararen kayan aiki, masu awon ciki na can suna jiranta a ƙaramin asibitin Ketare, mota kuwa ta kame a gindin tsamiyar ƙofar gida, ko motsi.

Motar ta mijinta ce, Ɗanhausa. Shi ya fara shigo da motar lantarki Mabai, wata 'yar fara ta hannu, ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ko tari ba ta yi. Ranar da ya kawo ta, dattawan bakin kasuwa suka ce duk abin da ke tafiya ba ƙara ba shi da gaskiya, a yi nesa da shi. Su ɗin nan dai, su ne daga baya suke rige-rigen kujerar gaba in za a Kankara. Da ita yake jigila tsakanin Kankara da Sheme da Faskari, ya dawo ya jona ta da solar da ya kafa a kan rufin ɗakinsa. Shi ya koya wa Esther tuƙi a filin makaranta, yana yi mata dariya wai ƙafarta da ƙyar take kai ƙasa.

Tun kafin ruwan fari ya sauka aka tsinci motar a gefen hanyar Sheme, ƙofofi a buɗe, ba kowa a ciki. Mutanen daji ne, kowa ya sani, ba sai an faɗa ba. Amma abin da ya fi cin ran Esther shi ne shirun da ya biyo baya. Wasu da aka ɗauka an kira danginsu a waya, an ji muryarsu, ko da kuka suke yi. Shi kuwa Ɗanhausa ko sau ɗaya. Ba gawa, ba murya, ba wanda ya kuɓuto ya ce ya gan shi. Da makullin ajiya aka dawo da motar gida. Nasa, wanda ba ya rabuwa da aljihunsa, ba a gan shi ba.

Yanzu gero ya fitar da kai, Baba Ubale, ƙanen mahaifinsa, ya gaji da jira. Ya zo ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ɗiyata, a shimfiɗa tabarma. Ran Lahadi bayan sujada a yi mashi addu'a, a zauna makoki, kowa ya san inda ya dosa. Zaman nan da muke ba zama ba ne." Fasto ya ce shi ba zai yi wa kowa addu'ar mutuwa ba sai da bakin matarsa. Saboda haka gari duka bakin Esther yake kallo. Kalma ɗaya ce za ta faɗa mijinta ya zama mamaci, ita kuwa ta kasa furta ta.

To, ana cikin wannan ga mota ta tsiro da nata iya shegen. Wani maƙwabci ya jona mata batirin babur, nan take ta farfaɗo kamar ba ita ba. Da Esther ta tashi daga aiki sai ta zarce Sheme, wurin Malam Rabo mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota.

Malam Rabo mutum ne mai son bayani. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ka nemi wurin zama. Ya je Kaduna ya koyo aikin irin waɗannan motoci, tun da ya dawo kuwa ba wanda ya huta da labarin, daga Sheme har Sabuwa. Amma a faɗi gaskiya, ya san aikinsa.

"Madam," ya ce, yana goge hannu da tsumma, "motag ga batir biyu gare ta. Babban na ƙarƙashi shi ke tafiya da ita, amma ba ya buɗe ido sai ƙaramin nan ya tashe shi. In ƙaramin ya mutu, ko babban ya cika ya tumbatsa, aikin banza ne."

"To shi ƙaramin ne ya lalace?"

Ya gwada shi, ya girgiza kai. "Lafiyarshi lau. Wani abu ne dai ke shan shi in kin kwanta. Kin ga, in kika kulle ta kika tafi, ya kamata bayan ɗan lokaci ta yi barci, komai na cikinta ya mutu sai ɗan abin da ba a rasa ba. Taki akwai mai hana ta barci. Bar mani ita, ni da ita ne."

Ta bar masa. Ya danna sakatar bonet da sukudireba don motar ta ɗauka a rufe take, ya maƙala wa wayar batir mitarsa mai baki, wadda ke faɗin yawan wutar da ke wucewa. Ya duba fitilar but, ya duba rediyo, ya zare cajar waya da aka manta a soket, ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Mota ta kwanta ta yi barcinta, lambobin mita suka sauka har ƙasa. Ta kwana a garejinsa, da safe ta tashi garau. Ya sake kwanar da ita, har an yi ruwa a kanta, ta sake tashi garau. Ya miƙa wa Esther makulli yana taƙama, ya ce cajar nan ce, ya gama da ita.

Ina! Washegari a Mabai ta sake mutuwa murus.

Abin ya ɓata wa Malam Rabo rai ƙwarai. "A garejina tana barci har da minshari," ya ce a waya. "Gidanku ne ba ta so. Ki jira ni, da ƙafata zan zo." Bayan azahar kuwa sai ga shi a kan babur, jakar kayan aiki a ɗaure a baya, yana ta mita a kan ramukan hanya.

Ya zagaya motar, ya dubi tsamiya, ya dubi katangar ɗakin Esther da ke kusa. "Ina kike aje makulli in za ki kwanta?"

"A ƙusa, bayan ƙofa."

"Wanga ɗaki?" Ya tafa hannu. "Ashsha! Ai ga ɓarawon nan. Irin wanga makulli na rimot, ba sai kin danna ba, motar tana jin shi in ya matso. Tana jin shi sai ta farka ta shirya, ta ɗauka mai ita ya zo. Ta yi ta farkawa tana komawa har batir ya ƙare. Kai, Rabo, da ka yi tambayar nan tun farko!"

Ya farfaɗo da motar da batirin babur ɗinsa, Esther ta jawo kujera gaba kamar kullum ta kulle ta. Ya sa ta jefa makullin a tukunyar ƙarfe, ta rufe da murfi, ta kai can ƙarshen gida inda ake girki. Ya maƙala mitarsa, ya jawo kututture ya zauna. Da ta dawo ta tsaya a bayansa. Tun ɗazu akwai maganar da ke cinta, wadda ba ta gaya wa kowa ba, ko Fasto.

"Malam Rabo," ta ce a hankali, "akwai abin da ban faɗa maka ba."

"Ina jin ki."

"Ni gajera ce, kana gani. In zan tuƙa sai na jawo kujera gaba. Haka nake barinta da yamma. Amma duk safiyar da ta mutu, sai in tarar kujerar ta koma baya, can inda maigidan ke sa ta."

Malam Rabo, mai bayanin nan da ba ya ƙarewa, ya ciro goron da ke bakinsa ya riƙe a hannu.

"Mi ya faru?" ta ce.

"Motag ga ta san direba biyu," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Kowane makulli da zaman kujerarshi. Naki ba zai taɓa jan ta baya ba. Sai ɗayan." Ya ɗago ya dube ta. "Ina ɗayan?"

"Yana wurinshi."

Dama ta yi zargin haka, shi ya sa ta ƙi faɗa. In ta faɗa za a ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ta gaya masa yadda take share ƙasar gindin tsamiya da yamma, ta lallaɓa ta ta yi sumul, ta fito da sassafe tana neman sawu. Ba ta taɓa ganin komai ba sai na kaji da jan wutsiyar ƙadangare. Wani lokaci ta ce a ranta ya kuɓuto ne, yana ɓoye a cikin gero, wani abu ya hana shi shigowa. Wani lokaci kuma ta tuna ɗayan abin da zai iya zuwa ba ya barin sawu, sai ta ja zane ta rufe kai.

"Makullin nan," ta ce, "daga nesa tana jin shi? Kamar daga daji?"

"A'a. Sai ya matso kamar daga nan zuwa bakin zauren can."

Suka dubi bakin zauren tare. Ba kowa sai Inna Kulu, uwar Ɗanhausa, a zaune a kan tabarma tana tsince wake a faifai. Inna Kulu ba ta salla, ba ta zuwa coci. Yadda ta tarar da iyayenta haka take, ko da ɗanta ya karɓi baftisma ba ta ce masa uffan ba. Tun da aka ɗauke shi magana ta yi mata wuya. Ta ɗago ta dube su, ta mai da kai ga wakenta.

Lambobin mita suka yi ta sauka har suka kwanta. Mota ta yi barci. Suka zauna jira, ba su san abin da suke jira ba. La'asar ta yi, Malam Rabo ya tashi ya yi sallarsa a gefe, ido ɗaya na son komawa kan mita. Gabas ta fara haɗa hadari, gari ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba, kaji suka shige zaure. Iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi. Can sai ta taso gaba ɗaya, ta bi ta kan gero ta kwantar da shi, ta shigo ta girgiza tsamiya.

Motar ta yi wani ɗan ƙas. Fitilunta suka ƙifta. Madubai na gefe da ke naɗe suka buɗe a hankali. Sannan, a gaban idonsu, ba kowa a ciki, ƙofofi a kulle, kujerar direba ta kama gurnani ƙasa-ƙasa tana ja da baya, ta tafi, ta tafi, ta tsaya daidai tsawon ƙafar dogon mutum.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Rabo. Kututturen da yake kai ya kife.

Esther ba ta san lokacin da ta zabura ba. Ta zagaya bayan tsamiya, ta zagaya bayan katanga, ta kutsa cikin gero har ganye na yankar mata hannu. "Ɗanhausa! Ni ce! Ka fito, ba kowa!" Gero ya yi ta kaɗawa, ba wanda ya amsa. Ta dawo kallabi a hannu, tana duba ƙasa ko za ta ga sawu.

Ta tarar Malam Rabo ba ƙasa yake kallo ba, sama yake kallo. Tsoro bai hana shi zama mai rewaya ba. "Madam, dubi can."

A can cikin rassa, inda ganye ya yi duhu, wani ɗan baƙin abu ne ke reto a jikin doguwar igiya. In iska ta kwanta sai ya ɓace a cikin ganye. In ta taso sai ya fito ya yi lilo, ya zo daidai saman motar ya koma. Malam Rabo ya waiwaya ya hango gorar da ake kaɗo tsamiya da ita a jingine, ya miƙa hannu.

"Kul!"

Faifai ya faɗi, wake ya watse. Inna Kulu ce a tsaye. Esther ba ta taɓa jin ta ɗaga murya haka ba.

"Kada ka taɓa shi, ɗan nan. Ba naka ba ne."

"Inna," Esther ta ce, "mine ne wancan?"

Tsohuwar ta ce, "Kiranye ne."

Kiranye dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. In mutum ya ɓace, ko ya tafi ya ƙi waiwayen gida, sai a nemo abin da ya sha guminsa, a yi aiki a kai, a rataye inda iska za ta kaɗa shi. Duk kaɗawa ɗaya, in ji masu yi, sai gabansa ya faɗi ya tuna gida, har ya kasa zama ya taho. Wasu hula suke kaiwa, wasu tsohuwar riga. Inna Kulu kuwa, washegarin da aka tsinci motar, ta taka da ƙafarta har wurin, ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba. Ta bi ciyawa tana dubawa, ta tsinci makullin ɗanta a yashe. Ta ƙulle shi a bakin zane ta yi shiru da bakinta. Da jira ya yi tsawo, ta kai wa wani tsoho da ke bayan dutse, ya ɗinke shi a fata, ya ce a rataye a bishiyar da mai shi ya saba tsayawa.

Esther ta zauna daɓas a ƙasar da ta saba sharewa. Ashe ba shi ba ne. Ashe makullin bai taɓa barin ƙofar gida ba, yana nan a saman kanta tana ta haukan neman sawu. Baƙin ciki da haushi suka taso mata tare.

"Haba Inna! Haba! Kina ganina kullum da tsintsiya, kina ganina ina duba ƙasa kamar mahaukaciya, ba ki ce mani komai ba? Na ɗauka yana da rai! Na ɗauka zuwa yake!"

"Ai zuwa yake," in ji Inna Kulu. "Ba ki ga tana buɗe mashi ba?"

"Iska ce, Inna! Makulli ne da iska!"

Tsohuwar ta matso, ta tsuguna a gabanta. Idonta a bushe yake, abin da ya fi kuka ciwo. "Ɗan fari ne," ta ce. "Tun da na haife shi ban taɓa kama sunanshi ba, kin sani. Ko yana jariri ban ɗauke shi gaban mutane ba. Tsohon nan ya ce aikin ba zai ci ba sai uwa ta kira suna da bakinta. Na kira, Esther. Kullum in gari ya yi shiru sai in zo nan in kira. Yanzu ki ce mani iska ce?"

Esther ta rufe fuska da kallabinta ta yi kuka mai isarta. Malam Rabo ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba a jikin babur. Da kukan ya lafa, ya yi gyaran murya.

"Inna," ya ce wa tsohuwar, "ni ba ruwana da aikinki, ba zan ɓata maki shi ba. A cikin makullin akwai wani ɗan batir, bai kai ƙwandala ba. Shi ke magana da motar. In cire shi kawai, ki ɗinke abinki ki mai da. Kiranki na nan, mota kuma ta huta."

Inna Kulu ta dubi Esther.

Esther ta share ido. Ta san abin da ke gabanta sarai. In aka cire ɗan batirin nan mota ta yi barci, to shi ke nan, ba abin da ya rage mata da za ta riƙe. Gobe za ta je ta gaya wa Baba Ubale a shimfiɗa tabarma. Gara ta gani da idonta a gama.

"Sauko da shi, Malam Rabo."

Ya sa gora ya sauko da shi a hankali. Fatar ta sha ruwa ta sha rana, ta ƙandare. Ya sa reza ya bi ɗinkin, bai yanki fatar ba. Makullin ya fito, baƙi, gefensa ya goge inda babban yatsan Ɗanhausa ya saba dannawa. Esther ta kau da kai. Malam Rabo ya sa bakin sukudireba a tsagar, ya murɗa, makullin ya rabe biyu a tafin hannunsa.

Jar ƙasa ce ta zubo. Jar ƙasa, da ɗan zare, da wani busasshen ganye. Ba batir. Ba koren allon nan mai ƙananan wayoyi. Kwanso ne kawai aka cika aka mai da.

Malam Rabo ya juya shi, ya sake juyawa, ya hura. Ya tona fatar ko sun faɗa ciki. Ba komai.

"Ina kayan cikin?" ya ce.

"Tsohon ya zubar da su a gabana," in ji Inna Kulu. "Ya ce tarkacen Nasara ne, ba su da amfani a aikin. Ya sa ƙasar wurin da aka tsinci motar."

"Yaushe?"

"Tun ranar da na kai mashi. Kafin in rataye."

Iska ta kwanta, aka fara jin ƙamshin ruwa daga gabas. Malam Rabo ya miƙe ba tare da ya nemi izini ba, ya shige har ƙarshen gida inda ake girki. Suka ji ƙarar murfin tukunya. Ya dawo a hankali, ya ce makullin Esther na nan inda aka sa shi, a rufe. Ya tsaya nesa da motar fiye da ɗazu.

"Wanga kwanso," ya ce, "ko fitilar hannu ba zai kunna ba." Ya sosa ƙeya. "Wataƙila laima ce ta shiga hannun ƙofa. Ko kwamfutar ce ta rikice, suna yi wani lokaci. Sai na kai ta Kaduna an ɗora ta a na'ura." Shi kansa bai yarda da abin da yake faɗa ba, ana ji a muryarsa. An yi ruwa a kanta a garejinsa, ta kuma yi barci lafiya lau. Ya sani, Esther ma ta sani.

Daidai nan Baba Ubale ya ɓullo daga kwanar gida, yana sauri kada ruwa ya kama shi. Ya ga tsohuwa a tsugune, ya ga Esther a ƙasa, ya ga baƙo da reza a hannu. "Lafiya? Ɗiyata, Fasto na jiran amsa, gobe Asabar."

Malam Rabo ya samu abin yi, ya yi maza ya buɗe jakarsa. Ya ciro 'yar sifana ya miƙa wa Esther. "Ko mine ne, ga maganinshi. Da yamma in kin aje ta, ki kwance kan batirin nan na baƙar waya, ki ɗaga shi gefe. Shi ke nan ta kurumce. Ba makulli ba, ko wa ya zo ba za ta ji shi ba, ba za ta buɗe ba. Da safe ki mai da ki ɗaure, ta tashi garau. Zo ki gwada yanzu a gabana."

Ta tashi ta karɓa. Ta je gaban motar, ta ɗora sifana a kan notin. Ya yi daidai. Murɗawa ɗaya ce. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a bayan hannunta, ta tsaya tana kallonsa. Tsoro take ji, tsoro sosai. Ba ta san abin da ke zuwa gindin tsamiyar nan ba, ba ta san ko tana son ganinsa ba. Amma hannun ya ƙi murɗawa.

Ta zare sifanar ta miƙa wa mai ita.

"Malam Rabo, ka samo mani wani ƙaramin batir. In riƙa cajin ɗaya da rana, da safe in musanya."

"Madam, wahala ce za ki ɗora wa kanki a banza. Kullum fa sai ta shanye shi."

"Ta sha."

Ta juya wurin Baba Ubale, ta ɗan rusuna. "Baba, a yi haƙuri. A gaya wa Fasto ba wannan Lahadin ba."

"To wace?" ya ce, ransa a ɓace. "Wace Lahadi, ɗiyata?"

Esther ta durƙusa ta tattara jar ƙasar da ta zube, har da ɗan zaren, ta zuba a tafin Inna Kulu, ta ce ta shiga ta ɗauko allura kafin ruwa ya sauko. Malam Rabo ya rufe bonet ya ɗaure jakarsa, amma ya kasa hawa babur bai sake gwadawa ba.

"Ko na dare ɗaya ki kwance shi," ya ce. "Ki samu ki yi barci."

Esther ta girgiza kai, hawaye na zubo mata.

"In ya zo ya tarar ta ƙi buɗe mashi fa?"